Mage a ɗaka, baƙo a zaure: yaya za a yi kowa ya kwana lafiya?

Duk wanda ya san Baleyara ya san garin ba ya barci da wuri ran Asabar. Tun da la'asar motocin Yamai da na Filinge ke sauke fatake a bakin hanya, makiyaya kuma na gangarowa da bisashensu ta cikin Dallol Boso, kowa na son gari ya waye masa kusa da kasuwar Lahadi. Kowane baƙo da mai masaukinsa. Mai sayen shanu ya sauka gidan dillalinsa, mai hatsi daga Kurfai ya sauka gidan abokin cinikin mahaifinsa, ma'aikacin da aka turo aiki ya nemi gidan wanda suka yi lakwal tare. Tun da aka cire Baleyara daga Filinge aka mai da ita gunduma mai zaman kanta a 2011, ma'aikata sun ƙaru, gidajen siminti masu tagogin gilashi da labule su ma sun ƙaru.

A cikin da yawa daga gidajen nan akwai wata mazauniya da ba a lissafa ta in ana ƙirgar iyali, wato mage, ko kyanwa, ko mussa kamar yadda mutanen yamma ke ce mata. Ɗan kasuwa bai aje ta don ado ba. Wanda ke da buhunan gero da wake a mangaza ya san abin da ɓera ke yi cikin wata ɗaya. Binciken da masana na Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar Agrhymet da cibiyar IRD ta Faransa suka fitar a 2014 ya nuna cewa, ban da ɓeran gida da muka gada, baƙin ɓeran da ke shigowa cikin kaya ya riga ya kafa gindi a kasuwanni da manyan mangazun Yamai. Motar da ta ɗauko kaya daga can kuwa ba ta binciken fasinjan da ke ƙarƙashin buhu. Ma'aikaci shi kuma sau da yawa yara ne suka tsinto 'yar kyanwa, aka saba da ita, daga baya aka hana ta fita saboda karnuka, da babura, da yara masu danƙo, da gubar ɓera da maƙwabta ke zubawa. Haka ta zama magen ɗaka: a kujera take wuni, a katifa take kwana.

Matsalar tana tasowa ranar da aka yi baƙon da jikinsa ba ya jituwa da mage. An yi masa shimfiɗa, an kawo fura, ana cikin gaisuwa sai atishawa ta ɓarke masa, idanu su yi ja, hanci ya dinga zuba. Mai gida ya ce ƙurar hanya ce. Baƙon ma ya ce ƙurar hanya ce, ko da ya san ba ita ba ce, domin wane ne zai dubi mutumin da ya yanka masa kaza ya ce gidanka ne ke sa ni ciwo? In abin ya tsaya ga atishawa, to da sauƙi. Amma in baƙon mai asma ne, ƙirjinsa na iya toshewa cikin dare, alhali manyan asibitocin Yamai suna nesa da kusan kilomita 100, tafiyar dare kuma a jihar Tilaberi ba abin da ake yi da garaje ba ne a 'yan shekarun nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke fama da asma, ta kuma kashe 455,000, akasarinsu a ƙasashe marasa ƙarfi inda magani ba ya kusa.

Ba gashin ba ne

Mutanenmu sun daɗe suna cewa gashin mage ne ke kawo tari, har wasu na cewa wanda ya haɗiye shi zai kamu da tarin fuka. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ta kuskure wurin. Tarin fuka ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda Bajamushe Robert Koch ya gano a 1882, kuma daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa. Wanda ya yi sati 2 yana tari, asibiti ya kamata ya nufa a auna majinarsa, ba korar mage ba. Abin da mage ke tayarwa wani abu ne daban da likitoci ke kira alerji, wato jiki ya ɗauki abin da ba shi da illa a matsayin abokin gaba, ya tashi yaƙi da shi. Borin jini da ke fito wa wasu in sun ci wani abinci ɗan gidan nan ne. Wani likitan Ingila, Henry Hyde Salter, wanda shi kansa mai asma ne, ya bayyana cikin littafinsa na 1860 yadda mage ke toshe wa mai asma numfashi. Sai a 1973 masu bincike a Amurka suka ware ainihin sinadarin da ke haddasa abin, wanda yanzu ake kira Fel d 1. Kusan 9 cikin 10 na masu alerjin mage shi ne ke damunsu.

Sinadarin nan daga miyan mage da maiƙon fatarta yake fitowa. Mage kuwa, kowa ya sani, ba ta da aikin da ya wuce lasar jiki. In miyan ya bushe sai ya farfashe ya zama ƙura, wani sashe nata ƙanƙanta har bai kai kashi 5 cikin 1,000 na milimita ba. Ƙura irin wannan ba ta saurin kwantawa. Tana iya yin awoyi tana yawo cikin iskar ɗaki, in ta sauka kuma ta manne wa tufafi da labule da bango kamar ƙaro. Gashi jakin dako ne kawai. Shi ya sa magen nan mara gashi, wadda ake kira Sphynx, ita ma tana sa mutane atishawa, kuma duk wanda ya ce zai sayar maka da magen da ba ta tayar da alerji, kuɗinka yake so.

Daga nan ne masu gida da yawa ke yin kuskure. Suna jin sallamar baƙo sai a ce wa yaro ya fitar da mage waje, a ga kamar an gama. A 1989 likitocin Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun bi gidaje 15 da aka raba da magensu, suna auna ƙurar ɗakunan. Sai bayan sati 20 zuwa 24 ne gidaje 8 daga ciki suka sauko daidai da gidan da ba shi da mage; sauran ko a lokacin ba su sauko ba. Wata 5 zuwa 6 ke nan, ba minti 5 ba. A Suwidin kuma, a 1999, an samu sinadarin a azuzuwan makaranta inda mage ba ta taɓa shiga ba. 'Yan makarantar da ke da mage a gida ne ke kai shi a jikin rigunansu, har waɗanda ba su da ita su kwashe shi su kai gidajensu. Ashe abin da ke sa baƙo ciwo ba magen da yake gani ba ce kaɗai, har da katifa da bargo da kujerar da ta yi watanni tana kwanciya a kai.

Abin da zaure ya sani

A nan ne ginin kakanninmu ya fi na zamani dabara, ko da ba don mage aka tsara shi ba. A gidan gargajiya baƙo a zaure yake, ko a shigifa, ko a ɗakin da ke bakin ƙofa. Iyali da dabbobinsu suna can ciki. Hira a tsakar gida ake yin ta, ko ƙarƙashin rumfa, a kan tabarmar kaba da ake kaɗewa a shanya kullum. Iska na shiga tana fita. A irin wannan gida ƙurar mage ba ta samun wurin taruwa. Gidan ma'aikaci na yau kuwa falo ɗaya ne ga kowa, da manyan kujerun soso, da kafet daga bango zuwa bango, da tagogi a rufe saboda sauro ko don kada sanyin na'ura ya fita. Kafet da soso su ne rumbun wannan ƙura. Fanka kuma, da aka kunna don a karrama baƙo, sai ta tayar da abin da ya kwanta ta watsa masa a fuska.

Saboda haka maganar farko ita ce a raba gida tun kafin baƙo ya zo, a kuma bar shi a rabe. A ware ɗaki ɗaya wanda mage ba ta shigarsa ko da rana ɗaya cikin shekara, ƙofarsa a rufe, ko akwai baƙo ko babu. Kada a sa masa kafet. Daɓen siminti da tabarma sun fi. Katifarsa da matashinsa da bargonsa nasa ne shi kaɗai, kada a ɗauko daga ɗakin yara ran Asabar da dare. Zannuwan gado a wanke su da ruwa da sabulu, in da hali da ruwan zafi, a shanya a rana, a adana cikin akwati. Wanki na fitar da mafi yawan sinadarin, kaɗewa kuwa tayar da shi kawai take yi. Shara ma da tsari: a yayyafa ruwa tukuna, a goge daɓe da tebur da jiƙaƙƙen tsumma, a yi haka tun jajibiri ko da sassafe, a buɗe tagogi. Sharar tsintsiya a busasshen ɗaki rabin awa kafin isowar baƙo ta fi rashin sharar muni.

Akwai abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa, kuma a ganina ya fi duk sauran muhimmanci: abin salla. Babu wurin da mage ke so kamar darduma ko buzun da aka bari a shimfiɗe. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun tabbatar cewa mage ba najasa ba ce, ruwan da ta sha ma ana alwala da shi, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Wannan hukuncin tsarki ne, babu mai ja da shi. Amma hancin mai alerji bai san fiƙihu ba. Mutumin da zai ɗora goshinsa da hancinsa a kan dardumar da mage ta wuni a kai, sau da yawa cikin kowace salla, ya shaƙi abin da bai shaƙa ba a wunin falo gaba ɗaya. A aje wa baƙo wankakkiyar darduma a ɗakinsa, a naɗe, a rataye.

Mai gida shi kansa ya lura da rigarsa. In ya ɗauki mage a cinya, ya wanke hannu ya sake riga kafin ya je su rungumi juna da baƙo. Uwargida kuma ta yi haƙuri da turaren wuta a wannan dare. Karramawa ce, mun sani, amma hayaƙinsa, da na maganin sauro na kunnawa, da na fesawa, duk suna ƙara matse ƙirjin mai asma. Gidan sauro ya wadatar. Lokacin hunturu, da hazo ya riga ya gajiyar da ƙirjin kowa daga Filinge har Yamai, abin ya fi tsanani.

Ita kuma magen fa?

Hanya mafi sauƙi, wadda kuma aka fi bi, ita ce a jefa mage cikin mangaza a ja ƙofa, ko a ɗaure ta da igiya a gindin bishiya har baƙo ya tafi. Wannan zalunci ne, kuma ba ya biya. Mangaza mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, tanda ce. Hadisin matar da aka azabtar saboda ta kulle mage, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba, yana cikin Buhari da Muslim, ɗan makarantar allo ma ya san shi. Haƙƙin baƙo bai share haƙƙin dabba ba.

Wanda ke son mage ta zauna lafiya a ɗaki guda na kwana 2 ko 3 sai ya san halinta. Kakarta magen daji ce ta Afirka, wadda har yanzu akwai ta a dajin Sahel. An daɗe ana tare: a tsibirin Kubrus masanan Faransa sun tono kabarin da aka binne mutum da mage kusa da juna shekara 9,500 da suka wuce, suka ba da labarinsa a 2004. Duk da wannan daɗewa ba ta bar halin daji ba. Kare mutum yake bi, mage kuwa wuri take riƙewa. Goga kumatun da take yi a ƙafar kujera da bakin ƙofa alama take sawa da ƙamshin jikinta, da shi take gane nan gidanta ne. In aka ɗauke ta ba zato aka kulle inda babu ƙamshinta, ga baƙuwar murya a gida, sai ta firgita. Alamun ba su ɓuya: kuka ba ƙaƙƙautawa, ƙin abinci, yaƙushin ƙofa, fitsari a kan kaya.

Maganin shi ne ɗakin ya zama nata tun kafin ranar. Tun Laraba ko Alhamis a fara kai mata abinci can, ƙofa a buɗe, tana shiga tana fita. A kai tsumman da ta saba kwanciya a kai, kada a wanke shi. Wannan kam nata ne. A sa mata kwali ko kwando da za ta ɓuya a ciki, da wuri mai tudu, kan kabad ko kan buhuna, domin mage ba ta samun natsuwa sai tana kallon duniya daga sama. In da taga mai raga da za ta riƙa hangen tsuntsaye, an ba ta rabin abin da take so. A aje guntun icce mai kaushi ko tsohuwar tabarma don wasa farce. Wurin bayan gida kuwa, abin da Turawa ke saye da tsada a leda mu kyauta muke taka shi: yashin dallol a cikin faffaɗan tasa, a kwashe ƙazanta kullum, a nisanta shi da abinci da ruwa. Mace mai ciki kada ta yi wannan aikin kwasar, saboda wata cuta da kashin mage ke iya ɗauka mai illa ga ɗan tayi.

Mage na barcin awa 12 zuwa 16 a rana, saboda haka zaman ɗaki bai dame ta kamar yadda muke zato ba. Lokacin da jininta ke tashi shi ne asuba da magariba, lokacin farauta. A nan ne yaro ɗaya, wanda ta fi sabawa da shi, zai shiga ya yi minti 10 ko 15 yana ja mata gashin zabo a bakin zare, ta yi tsalle ta kama, sannan a ba ta abinci. Magen da ta yi farauta ta ci, wanka za ta yi ta kwanta. Yaron kuma ya wanke hannu ya sake riga kafin ya kai wa baƙo ruwa. Abincinta nama ne da kifi. Tuwo da miya ba su riƙe ta, albasa da tafarnuwa kuma suna lalata mata jini. Kada a kuskura a ba ta Paracétamol in an ga ta yi laushi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. In ta kwana 2 ba ta ci ba, ko muzuru ya yi ta tsugunno fitsari bai fito ba, a nemi ma'aikacin kiwo ba tare da jira ba.

Da yake an zo kan muzuru: likitoci a Marsai ta Faransa sun nuna a 1994 cewa namiji da aka fiɗiye yana rage fitar da sinadarin nan ƙwarai. A garin da ake dandaƙe bajimai da raguna wannan ba baƙon aiki ba ne, sai dai a bar shi ga likitan dabbobi, a haɗa da allurar ciwon hauka a tafiya ɗaya. Wanka kuwa, da wasu ke yi wa mage da ƙarfin tsiya, amfaninsa kaɗan ne: cikin 'yan kwanaki sinadarin ya dawo yadda yake, an sha yaƙushi a banza. Goge ta da jiƙaƙƙen tsumma a tsakar gida ya fi sauƙi ga kowa. A 2020 kamfanin Purina ya fitar da wani abincin mage mai haɗin ƙwai da ya ce yana rage sinadarin da kusan kashi 47 cikin 100 daga sati na 3. Ragi ne, ba kawarwa ba, kuma ba a kasuwar Lahadi ake samun sa ba.

Wani abin dariya da masu alerji ke kuka da shi: a cikin mutum 10, su mage ke zaɓa ta hau wa cinya. Ba mugunta ba ce. A wurin mage, wanda ya zuba mata ido yana miƙo hannu barazana ne, wanda ya kau da kai ya yi shiru kuwa shi ne mai ladabi.

Nauyin da ke kan baƙo, da tambayar da ke kan mai gida

Baƙon da ya san halin jikinsa shi ma da nasa aiki. Magungunan alerji, waɗanda asalinsu ya faro daga aikin Daniel Bovet a cibiyar Pasteur ta Paris a 1937, sun fi amfani in an sha su awa 1 ko 2 kafin a shiga gidan, ba bayan hanci ya toshe ba. Na zamani irin su Cétirizine da Loratadine ba su cika sa barci ba. Tsohon nan Chlorphéniramine yana sa gyangyaɗi, kuma direban da zai koma Yamai ko Filinge bayan kasuwa bai kamata ya sha shi ba. A saya a farmasi da shawarar likita, ba a faifan mai talla da ya wuni cikin rana ba. Mai asma kuwa kada ya bar gida ba tare da abin shaƙarsa na Salbutamol ba, wanda aka fi sani da Ventoline, kuma ya kwana da shi a gefen matashi, ba a cikin mota ba.

Dalilin haka shi ne asma tana da dawowa. Mutum na iya yin ɗan tari da magariba ya lafa, a ci tuwo a yi hira, sannan bayan awa 4 zuwa 8 ƙirji ya sake matsewa fiye da na farko, lokacin da gida duka ya yi barci. In aka ga baƙo ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ko leɓɓansa sun sake launi, ko ya shaƙi maganinsa bai ji sauƙi ba, to ba lokacin jiƙo ko hayaƙi ba ne. A fitar da shi daga ɗakin, a zaunar da shi tsaye da ƙirjinsa, kada a kwantar, a nufi asibitin garin nan take.

Kunya ce ke kai mutane ga wannan hali. Baƙo ba zai faɗa ba, don haka mai gida ne zai tambaya, tun a waya, cikin gaisuwa: "Alhaji, muna da mage a gida, ina fata ba ta damun ƙirjinka?" Tambayar ba ta fi ta ko yana cin yaji ba. In amsar ta nuna ciwon mai tsanani ne, wanda ya taɓa kwantar da shi asibiti, to duk gyaran da muka zayyana bai isa a dogara da shi ba. A nema masa ɗaki a gidan ɗan'uwa ko maƙwabcin da ba shi da mage, a aika masa da abinci can, a yi hira da ciniki a waje ƙarƙashin rumfa. Dillalai sun saba raba baƙinsu gidaje in sun yi yawa, ba wanda ya taɓa kiran haka wulaƙanci.

Ran Litinin, in baƙo ya kama hanya aka buɗe wa mage, wurin farko da za ta nufa shi ne ɗakin da ya kwana, don ta shinshina baƙon ƙamshi ta goge shi da nata. Yara za su so a bar ta, ganin ta yi kwana 2 a tsare. A sake mata sauran gidan duka, a ƙara mata kifi, amma wannan ƙofa a ja ta tun kafin a buɗe tata.